Robar Tana Ci

Mijina mai faci ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a bakin titi ɗaya, ƙarƙashin rumfar kwano, tsakanin mai walda da mai cajin batir. Direbobi suna ce masa Mai Iska, saboda injin da yake hura musu taya da shi. Ba ya jin haushi, sai ya ce ai da sauƙi, su da tasu iskar ta fice suka zo nema fa? Ni Malam nake ce masa. Shi kuma Manaja yake ce mini, wai ni nake yanke komai a gidan sannan in ce shi ya yanke.

Faci aikin gwiwa ne. Da gwiwa ake danne taya a raba ta da ƙarfenta, da gwiwa ake durƙusawa a sa jak. Gwiwarsa ta dama ta ƙare tun bai kai sittin ba, har ya zama in zai tashi daga tabarma sai ya kama ƙofa. Aka ce a yi masa aiki a sa ta ƙarfe. Kafin ranar aikin an nuna mana irinta a kan tebur: ƙarfe a sama, ƙarfe a ƙasa, sai wata farar roba mai kauri a tsakaninsu. Malam ya karɓa ya karce robar da farce, ya ce, "Wannan ai irin abin da Manaja take yanka albasa a kai ne." Har nas ɗin ta yi dariya.

Aikin ya yi. Shekara shida yana tafiya ba sanda. An ce ya rage aikin nauyi, ya kuwa rage. Ya daina karɓar tayoyin manyan motoci, ya tsaya a kan ƙanana da babura.

Kullum da azahar ni nake kai masa abinci, don haka na san yadda yake aiki. In an kawo masa taya, kafin ya nemi ƙusar sai ya bi ta da babban yatsa. Ya ce wa mai motar, "Wannan ta ci ta tsakiya, iska kake cika mata." Ko ya ce, "Wannan ta ci ta gefe, saitin motarka ya goce." Na ji wannan maganar ya fi sau dubu ina zaune a kan benci ina jiran kwanona. Na rubuta wannan ne don kada a ce ban san kalmar ba. Na san ta.

A shekara ta bakwai gwiwar ta fara wata 'yar ƙara in ya miƙe, ƙas, kamar an karya tsinke. Ba ciwo sosai. Na matsa masa har ya je aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce a dawo ranar Laraba a ga likita. Ranar Larabar injin iskarsa ya lalace, yana jiran mai gyara.

"Hoto za a duba, ba ni ba," ya ce. "Ke je ki, ai kin fi ni baki."

Na tafi da katinsa da babban ambulan ɗin hoton. Na zauna a layi tun safe har rana ta take. Likitan da ya yi masa aiki ya bar asibitin, wani matashi na samu, idonsa ja, ga fayil sun taru a gabansa har sun kusa rufe shi. Ya liƙa hoton a jikin fitila, ya kai bironsa tsakanin ƙarafan biyu, ya ɗan ƙwanƙwasa.

"Mama, ina mai gwiwar?"

"Yana wurin aiki."

"To, robar nan fa tana ci. Ki ce masa ya zo da kansa nan da wata uku."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ɗago ya dube ni. Yanzu na san abin da ya ɗauka, ya ɗauka tawakkali nake yi. Ya rubuta wani abu a fayil, ya ce a kira na gaba.

Ni abin da na sani, in an ce magani ya ci, to ya yi aiki. In an ce addu'a ta ci, an samu biyan bukata. Kasuwa ma in tana ci, lafiya ke nan. Na shiga ɗakin nan ina roƙon Allah in ji alheri, da na ji "tana ci" sai kunnena ya ɗauki wadda yake so. Ko sau ɗaya taya ba ta faɗo mini a rai ba.

Na iske Malam a durƙushe gaban injin, hannunsa duk baƙin mai.

"Manaja, yaya? Za su yanke ko za su bar mini?"

"Ya ce aiki ya yi kyau."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Wai ka leƙa nan da wata uku."

"In leƙa in yi me, tunda ya yi kyau? In gaishe shi?"

Da na kawo masa maganar yadda aka ba ni, 'yan kalmomi ne kawai, da kafin in rufe baki ya gane. Ba wanda ya fi shi sanin cin roba a duk titin nan. Amma sai na gyara ta a hanya, na sa mata kaya masu kyau na kawo masa.

Ba mu koma ba. Abin da ya fi wannan muni, da ya ji gwiwa lafiya take, sai ya koma karɓar tayoyin manyan motoci. Ya ce dama tsoro ne ya hana shi, kuma ya gaji da ganin direbobin da ya sani tun suna yara suna wuce shi. Na gan shi da idona yana hawa kan tayar tirela da gwiwa biyu yana dannawa. Har na yi masa tsiya, na ce tsoho ya samu sabuwar ƙafa ya manta shekarunsa.

Shekara uku muka yi a haka.

Sai gwiwar ta fara kumbura. Da safe ta sabe, da yamma ta cika kamar an hura ta. Daga baya ta daina sabewa. Wando ya daina wuce ta. Wata rana ya taka zai hau matakalar ƙofar gida, ƙafar ta lanƙwashe gefe, ya zauna a ƙasa yana zufa. Bai yi ihu ba, ya dai ce, "Kira Auta."

Auta ita ce 'yarmu ta ƙarshe, ita kaɗai ke zaune a gari ɗaya da mu, tana koyarwa a makarantar firamare. Ita ta kai mu asibiti.

Wannan karon wata babbar likita muka samu, mace mai furfura, ba ta da gaggawa. Ta shafa wa gwiwar magani mai ruwan ƙasa, ta soka wata doguwar allura ta gefe, ta ja. Ta ce ruwan gwiwa mai lafiya garau yake, kamar man gyaɗa sabo. Wanda ya fito daga ta Malam gurɓatacce ne, kamar ruwan wanke-wanke. Sirinji uku ta cika. Ta ce mu dawo jibi.

Da muka dawo ta juyo mana da fuskar kwamfutarta. Ta ce an sa ɗigon ruwan a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ga abin da aka gani. Wuri ne baƙi, cike da wasu ƙananan abubuwa masu ƙyalli, wasu kamar tsinken allura, wasu kamar ɓawon shinkafa, wasu kamar an daka gilashi. Ba su ƙirguwa.

"Baba, wannan robarka ce," ta ce. "Duk takun da ka yi, ƙarfe yana kankarar kaɗan."

Malam ya matso da kujerarsa ya ƙura ido. Ya daɗe.

"Garin taya ke nan," ya ce. "Irin baƙar ƙurar da ke kwanciya a bakin titi. Sai dai ta titi ruwan sama yana wanke ta. Wannan ba ta da ƙofar fita."

"Ka fi ɗalibaina ganewa," ta ce.

Ta yi mana bayani a hankali. Jiki in ya ga baƙon abu sai ya tura masu tsaronsa su cinye shi. Roba ba ta ciyuwa. Sai su yi ta taruwa, su yi ta fushi, a ƙarshe su juya kan ƙashin da ke riƙe da ƙarfen. Ta liƙa sabon hoto ta nuna mana wasu wurare masu duhu a ƙarƙashin ƙarfen ƙasa, ta ce nan a da ƙashi ne, yanzu rami ne.

Sannan ta buɗe fayil tana juya takardu baya. Ta tsaya a wata.

"Shekara uku da suka wuce an rubuta a nan cewa robar tana ci. An ce ka dawo. Me ya hana?"

A bakinta na sake jin kalmar, ga hoton garin roba a gabana. Na ga biron matashin nan yana ƙwanƙwasa hoton. Na ji muryata tana cewa alhamdu lillahi.

"Ba a gaya mana ba," Malam ya ce. "Cewa aka yi aiki ya yi kyau."

"Da a lokacin ne," likitar ta ce, "robar kawai za mu cire mu sa sabuwa. Kwana uku ka koma gida. Yanzu sai an cire komai, kuma ban san ƙashin da zan samu in dasa wani a kai ba."

Auta ta miƙe tsaye. "Wane likita ne? Ya rubuta a takarda ya gaya wa uwata wani abu dabam? Wallahi sai na kai ƙararsa."

Na riƙe jakata da hannu biyu.

Sati biyar muka jira a ba mu ranar aiki. Malam yana kwance a falo, an ɗora ƙafar a kan filo biyu. Auta tana zuwa bayan an tashi daga makaranta, ta zauna a kan tebur tana rubuta takardar ƙara zuwa ga shugabannin asibitin. Ta rubuta ta yaga, ta sake.

"Umma, ki tuna sosai. Me ya ce miki daidai?"

"Na manta. An daɗe."

"Amma ya ce ya yi kyau?"

"Wani abu mai kama da haka."

Malam daga kwance ya ce, "Ki bar uwarki. Ita abin da aka ba ta ta kawo."

Na tashi na shiga kicin na kunna famfo don kada su ji ni.

Sau uku ina niyyar gaya masa. Ina goge masa gwiwar da ruwan ɗumi, fatar ta yi sheƙi don kumburi, in buɗe baki sai in ji ina tambayarsa ko zai sha shayi. Ba dukansa nake tsoro ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Abin da nake tsoro shi ne ya dube ni irin kallon da yake yi wa direban da ya kashe sabuwar taya da ganganci. Kuma kullum yana tsine wa matashin likitan nan, mutumin da ya faɗi gaskiya da bakinsa.

Ranar da aka kwantar da shi, ana gobe aiki, Auta ta sauka ƙasa karɓo sakamakon gwajin jini. Hantsi ne, ana goge ɗakin, warin maganin shara ya cika ko'ina. Mutumin gadon kusa yana barci. Na ja labule.

"Malam, likitan nan bai ce aiki ya yi kyau ba."

Ya juyo da kansa a kan filo.

"Me ya ce?"

"Ni na ɗauka..."

"Ban tambaye ki abin da kika ɗauka ba. Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Ya ce, robar nan fa tana ci."

Ya rufe ido. Mai goge ɗaki ta zo ta tura tsummanta ƙarƙashin labulen ta ja, ta wuce.

"Tana ci," ya ce.

"Na ɗauka irin cin magani ne."

"Shekara nawa kina kawo mini abinci rumfar nan?"

Da Auta ta dawo ta same shi yana kallon silin, ni ina ninke zanen da yake a ninke.

Aikin ya ɗauki awa shida. Likitar ta ce ƙashin yana marmashewa a hannunta kamar busasshen burodi. Ta sa ƙarafa masu dogayen ƙafafu har cikin ƙashin cinya da na ƙwauri, ta cike ramukan da abin da za ta iya. Malam ya roƙe ta tun kafin a shiga da shi cewa a ajiye masa tsohuwar robar. A kwana na uku ta kawo masa ita a wanke, cikin 'yar leda.

Ba fara ba ce kuma, ta koma ruwan ɗorawa. Ya juya ta, ya bi ta da babban yatsa yadda yake bin taya. Auta ba ta nan.

"Ta gefe ta ci," ya ce. "Ta ciki, can baya."

Na san dokarsa.

"Saiti ne ke nan? Tun wajen sawa ta goce?" na ce.

"A mota haka ne. Ni ban san gwiwa ba."

Da ya so, da ya ce e. Ba wanda zai ƙaryata shi. Amma Malam bai taɓa gaya wa mai mota abin da yake so ya ji ba, ba zai fara a kaina ba. Ya ɗaga robar saitin taga, haske ya ratso ta wani wuri da ya yi siriri har ya huje.

"Kin ga nan? Nan ƙarfe ya riga ya taɓa ƙarfe. Wannan aikin tayar tirela ne."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya miƙo mini ita ya ce in sa a jaka.

Da yamma Auta ta zo da takardar ƙarar, ta buga ta da inji, saura ya sa hannu. Ya ce ta yaga.

"Baba, mutumin nan ya kusa raba ka da ƙafarka!"

"Na ce ki yaga."

"Saboda me?"

"Saboda ni ne mai ƙafar."

Ta fita tana kuka don haushi. Bai gaya mata ba, har ya bar duniya bai gaya mata ba. Amma tun ranar da na faɗa masa ya daina ce mini Manaja. In yana son ruwa sai ya ce, "Ke, miƙo mini." Yana cin abin da na kawo, yana bari in juya shi, in goge masa baya. Sunan ne kawai ya ɗauke.

A kwana na tara zazzaɓi ya zo. Ɗinkin ya fara tsattsafar da ruwa mai wari. Aka koma da shi tiyata aka wanke, aka dawo da shi, aka rataya masa ledojin magani ɗaya bayan ɗaya. Ya rame har zoben azurfarsa ya faɗi cikin zanen gado. Aka sake wankewa. Ƙafar ta yi baƙi daga gwiwa zuwa ƙasa.

A kwana na goma sha tara, da safe, likitar ta duba shi ta daɗe, sannan ta ce tana son magana da iyali a waje. Auta ta miƙe ta ɗauki jakarta. Malam ya ɗaga yatsa.

"Zauna. Uwarki za ta je."

"Baba, ni zan fi gane..."

"Zauna na ce." Ya juyo ya dube ni, idonsa ya faɗa ciki. "Manaja, je ki ji. Ki kawo mini yadda ta faɗa. Kada ki gyara."

Na bi likitar zuwa baranda. Ana wucewa da keken abinci. Ta yi magana, na ce ta maimaita. Ta maimaita, na faɗa mata da bakina, na ce haka ne? Ta ce haka ne. Daga barandar zuwa gadonsa taku ashirin ne ko ƙasa da haka. Ina tafe ina nanata maganar a bakina kamar yarinyar da aka aika kanti, kuma duk taku sai na ji wata kalma mai laushi tana so ta shigo ta zauna a madadin wata. Na hana ta.

Na tsaya a gefen gadon.

"Ta ce cutar ta shiga jini. Ta ce za su yanke ƙafar daga cinya yau. Ta ce ko an yanke, ba ta sa ran za ka tashi."

Auta ta toshe bakinta. Malam ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa abin da ya riga ya shafa da yatsa.

"To," ya ce. "Ta faɗi gaskiya." Ya buɗe tafin hannunsa a kan zanen, na sa nawa a ciki.

An yanke da la'asar. Ya yi kwana huɗu bayan nan, bai farfaɗo sosai ba. Ranar Litinin da hantsi ya cika. Allah ya jiƙansa.

Bayan mutane sun watse, Auta ta zauna da ni wata biyu. Wata rana tana neman almakashi a jakata ta ci karo da robar a ledarta. Ta juya ta, ta bi ta da babban yatsa. Ban taɓa lura tana yin haka ba sai ranar.

"Har yanzu ban gane abin da ya sa ya hana ni kai ƙarar ba," ta ce. "Umma, don Allah, me mutumin nan ya ce miki?"

Ina tsince wake a tire. Na ajiye tiren a ƙasa.

"Ya ce, robar nan fa tana ci."

Ita 'yar mai faci ce, a rumfar nan ta koyi tafiya. Ba sai na yi mata bayani ba. Ta dube ni, ta dubi robar, ta mayar da ita cikin ledar ta ɗaure bakin. Ta ajiye a kan tebur ta shiga ɗaki. Na ji tana jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado.